Awa huɗu da rabi: abin da ke faruwa cikin kan mai shanyewar ɓarin jiki kafin a kai shi asibiti

Idan aka shigo da mutum sashen gaggawa bakinsa a karkace, hannu ɗaya yana reto, tambayar farko da likitan da ya san aikinsa zai yi wa waɗanda suka kawo shi ita ce: yaushe kuka gan shi lafiya ƙalau na ƙarshe? Amsar da ake bayarwa galibi ba ta wuce “da asuba muka same shi a haka” ko “tun shekaranjiya abin ya fara, muna ta fama a gida.” Likita zai sake tambaya: jiya da ya kwanta fa, ƙarfe nawa? Ya ci tuwon dare da hannunsa? Ya yi sallar isha'i a tsaye? 'Yan uwa sukan ɗauka ɓata lokaci ake yi, ga mutum kwance. Alhali duk maganin da za a iya yi wa mara lafiyan a wannan rana ya rataya ne a kan wannan amsar. Wanda ya kwanta lafiya da goma na dare aka tashe shi da biyar na asuba bakinsa a karkace, a lissafin asibiti ciwonsa ya fara ne da goma na dare, domin babu mai shaidar lokacin da jijiyar ta toshe.

Don a gane dalilin wannan naci a kan agogo, sai an leƙa cikin ƙoƙon kai.

Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jikin baligi ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka. Kuma ba ta da ajiya. Tsoka tana iya jure 'yan awanni babu jini, ƙwaƙwalwa kuwa mintoci kaɗan ne. Manyan jijiyoyi huɗu ke kai mata jini. Biyu suna hawa ta gaban wuya, su ne waɗanda mutum ke jin bugunsu idan ya ɗora yatsa a gefen maƙogwaro. Sauran biyun suna bi ta cikin ƙasusuwan wuya ta baya, su haɗe su zama guda ɗaya a gindin ƙwaƙwalwa. A can ƙasan ƙwaƙwalwar, waɗannan hanyoyi suna sarƙe da juna cikin wani zobe, wanda har yau ake kira da sunan Thomas Willis, likitan Ingila da ya bayyana shi dalla-dalla a 1664. Amfanin zoben shi ne, idan hanya ɗaya ta toshe a ƙasa, jini yana iya zagayowa ta wata. Sai dai ba kowa Allah ya halitta da cikakken zobe ba, mutane da yawa nasu yana da giɓi ko siririn reshe. Wannan na cikin dalilan da mutum biyu za su samu toshewa a wuri guda, ɗaya ya tashi da ɗan nauyin harshe, ɗaya ya kwanta ke nan.

Daga zoben rassa suke tashi. Wanda ya fi shan wahala shi ne reshen tsakiya, mai shayar da gefen ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa fuska, hannu da magana. Shi ya sa alamun da kowa ya sani suke zuwa tare: baki ya karkace, hannu ya mutu, harshe ya harɗe. Reshen gaba yana kula da ƙafa, to wanda nasa ya toshe ƙafarsa ce za ta fi hannunsa mutuwa. Na baya kuwa su ke ciyar da sashen gani da na daidaita tafiya da kuma sandar ƙwaƙwalwa, inda ake riƙe numfashi da haɗiya. Toshewa a nan tana zuwa da jiri mai tsanani, amai, tangaɗi, ganin abu biyu-biyu, ko rabin gani ya ɗauke, kuma sau da yawa hannu da ƙafa suna motsi lafiya. Irin wannan ne ake yawan yi wa maganin maleriya ko taifot har a makara.

Akwai abin da ke ɗaure wa masu jinya kai. Hannun dama ne ya shanye, likita kuma yana nuna hoton hagun kai yana cewa a nan matsalar take. Ba kuskure ya yi ba. Zaruruwan da ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi suna yin gicciye a daidai ƙeya, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Ga mafi yawan mutane kuma cibiyar harshe tana hagu, saboda haka shanyewar ɓarin dama ta fi zuwa da rasa magana. Paul Broca na Faransa ne ya nuna haka a 1861, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wani mutum da ya shekara da shekaru yana fahimtar abin da ake faɗa masa amma kalma ɗaya tal yake iya furtawa. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya bayyana akasin haka: mai ciwon yana zuba magana tiryan-tiryan, amma babu kan gado a cikinta, kuma ba ya gane abin da ake ce masa. A gidajenmu wannan na biyun shi ne ya fi shiga uku, domin ba ya shanye sosai, sai dai a ga dattijo mai hankali ya tashi yana sambatu. Nan take a ce iska ce ko taɓin hankali, a nufi wajen mai ruƙiyya, alhali gudan jini ne ya tsaya a wani reshe bayan kunnensa na hagu.

Cuta biyu, fuska ɗaya

Abin da muke kira shanyewar ɓarin jiki ko bugun jini cututtuka biyu ne masu kama da juna a waje. A ɗaya, jijiya ta toshe, jini bai isa ba. A ɗayar, jijiya ta fashe, jini ya malala cikin naman ƙwaƙwalwa yana danne ta. Johann Jakob Wepfer, wani likita a Suwizalan, ya rubuta wannan bambanci tun 1658 daga gawarwakin da ya buɗe. Toshewa takan samo asali daga kitsen da ya taru a bangon jijiya, ko daga gudan jini da ya taso daga zuciya mai bugu babu tsari, ko zuciyar da ta kumbura, kamar yadda ake gani a wasu masu jego. Fashewa kuwa galibi aikin hawan jini ne da aka shekara ana ɗauke da shi, ko ba a sani ba, ko an sani an daina shan magani saboda “na ji sauƙi.”

A Turai da Amurka kusan 85 cikin 100 toshewa ce. A wajenmu lissafin ya bambanta. Babban binciken nan na SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da Farfesa Bruce Ovbiagele suka jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya fitar da sakamako a 2018 a kan masu ciwo sama da 2,000. Kashi 68 toshewa ce, kashi 32 fashewa. Wato kusan mutum ɗaya cikin uku jini ne ya zuba a kansa. Matsakaicin shekarunsu 59, ke nan da yawansu magidanta ne masu ciyar da iyali. Binciken ya kuma ɗora mafi girman alhakin a kan hawan jini, da tazara mai nisa tsakaninsa da duk wani dalili.

Wannan kashi ɗaya cikin uku shi ya sa magani na kai-tsaye a gida ko a kemis yake da haɗari. Abin da ke taimakon mai toshewa, wato maganin tsinka jini, shi ne ke ƙara wa mai fashewa zubar jini. Gaskiya ne mai fashewa ya fi zuwa da matsanancin ciwon kai, amai da saurin fita hayyaci, amma ƙwararrun likitoci ma suna kuskure idan da ido kawai suka yi hukunci.

Lokacin da jijiya ta toshe, ba duk yankin da take shayarwa ke mutuwa nan take ba. Mai lambu ya san haka: idan kwata ta toshe, komin da ke bakinta shi ke fara bushewa, na gefe kuma suna ɗan samun danshi daga kwatar maƙwabta, su yi yaushi amma ba su mutu ba, in an buɗe ruwa da wuri su farfaɗo. Haka ƙwaƙwalwa take. Tsakiyar wurin yana mutuwa cikin mintoci, kewayensa kuma yana rayuwa a kan ɗan jinin da ke zagayowa ta ƙananan rassa. Wannan kewayen ya daina aiki, shi ya sa hannu ya mutu, amma yana da rai. Duk wani maganin gaggawa shi ake ƙoƙarin ceto. Kuma yana raguwa da kowane minti. Jeffrey Saver, likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, ya ƙiyasta a 2006 cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 a duk minti ɗaya da ba a yi magani ba.

A tsakar gida

To me muke yi da waɗannan mintoci? An san tsarin. A kwantar da shi, a yayyafa masa ruwa, a shafa man zafi ana murza hannun, a ɗura masa zuma da habbatussauda ko rubutu, wani ya ruga kemis ya karɓo maganin hawan jini a ba shi biyu a haɗe, wani ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho. Sai an kwana biyu, numfashi ya fara gurnani, sannan a nemi mota. Duk wannan ƙauna ce ta sa, babu mai musu. Amma biyu daga ciki suna kisa.

Na farko ɗura. Kusan rabin masu wannan ciwo haɗiyarsu tana lalacewa a kwanakin farko, kuma wasunsu ko tari ba sa yi idan abu ya bi hanyar iska. Ruwa, koko, zuma, rubutu, duk abin da aka zuba musu a baki yana iya gangarawa huhu. Bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya rufe su, namoniya ta kama, kuma ita ce ke ɗauke da yawa daga waɗanda ciwon kansa bai kashe ba. Addu'a da tofi babu mai hana su, ana iya yi a cikin mota, ana iya yi a bakin gadon asibiti, ba sa bukatar a buɗe bakin mara lafiya. Rubutun ma ana iya shafawa. Abin da ake roƙo kawai kada a ba shi komai ta baki sai an gwada haɗiyarsa.

Na biyu shi ne faɗo da hawan jini da ƙarfi. Idan aka auna mai toshewar jijiya a awannin farko, jinin yakan yi sama sosai, domin jiki yana ƙara matsi ne ya tura jini ta ƙananan rassan nan zuwa yankin da ke tsakanin rai da mutuwa. Wanda ya faɗo da shi lokaci guda ya yanke wa yankin ɗan abin da ya rage masa. Shi ya sa a asibiti, ga mai toshewa da ba za a yi wa allurar narkar da jini ba, likitoci ba sa gaggawar taɓa hawan jinin sai ya haura 220 bisa 120. 'Yan uwa sukan ji haushi, suna ganin an ƙyale shi. Da gangan aka yi.

Abin da ya kamata a gida kaɗan ne. A ce ya yi murmushi, a ga ko gefe ɗaya ya zube. A ce ya ɗaga hannu biyu, a ga ko ɗaya yana sauka. A ce ya faɗi sunansa da na unguwarsa. Ko ɗaya daga ciki ya samu kwatsam, a duba agogo a riƙe lokacin, a kwantar da shi ta gefe saboda amai, a kwashi duk magungunan da yake sha a leda, a nufi asibiti mafi kusa da ke da na'urar hoton kai, ko da za a wuce ƙaramin asibitin unguwa. Kuma a tafi da wanda abin ya faru a gabansa, domin shi ke da amsar tambayar likita.

A asibiti, kafin komai, ana tsira yatsa a auna suga. Sugan da ya faɗi ƙasa, musamman ga mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, yana iya shanye ɓarin jiki tamkar bugun jini, kuma allurar suga tana tayar da shi cikin mintoci. Farfaɗiya ma takan bar hannu da ƙafa a mace na ɗan lokaci bayan ta saki mutum. Sai kuma karkacewar baki da ke zuwa daga jijiyar fuska kaɗai: mai ita ba ya iya ɗaga gira ko rufe ido a gefen, alhali mai bugun jini galibi goshinsa yana motsi. Bayan wannan sai hoton kai na siti sikan, na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙera, aka fara ɗaukar mara lafiya da ita a Landan a 1971. Jinin da ya zuba yana fitowa fari fat a hoton tun daga farko. Toshewa kuwa a awannin farko sau da yawa ba ta nuna komai. A nan ake samun rashin fahimta: an biya kuɗi masu yawa, an ce hoto lafiya lau, sai dangi su ce ai dama mun faɗa, ba ciwon asibiti ba ne, su ɗauke shi. Alhali hoton ya yi aikinsa. Ya tabbatar babu zubar jini, ke nan toshewa ce, kuma hanyar magani ta buɗe.

Allura, waya, da aikin jinya

Har zuwa 1995 babu wani magani da aka tabbatar yana buɗe jijiyar ƙwaƙwalwa da ta toshe. A shekarar ce wani gwaji a Amurka ya nuna cewa allurar altefilas mai narkar da gudan jini, idan aka yi ta cikin awa 3, tana ƙara yawan waɗanda ke tashi babu nakasa. A 2008 wani gwajin a Turai ya faɗaɗa lokacin zuwa awa 4 da rabi. Tana da nata haɗarin: a gwajin farko kusan mutum 6 cikin 100 sun samu zubar jini a ka saboda ita, don haka ba a yin ta sai an ga hoto, sai hawan jini ya sauka ƙasa da 185 bisa 110, sai an tabbatar ba a yi wa mutum babbar tiyata kwanan nan ba kuma ba ya shan maganin tsinka jini mai ƙarfi. Yanzu wata ƙanwarta, tenektefilas, tana maye gurbinta a wurare da dama saboda allura ɗaya ce tak. Daga 2015, bayan wani gwaji a Holan da wasu da suka biyo shi, aka tabbatar da hanya ta biyu ga manyan jijiyoyi: a zura siririyar waya ta jijiyar matsematsi har cikin ka, a kamo gudan jinin a jawo shi waje. A 2018 aka nuna cewa wasu zaɓaɓɓun marasa lafiya, waɗanda hoto ya nuna yankin da ake iya ceto yana nan da saura, suna amfana har zuwa awa 24.

A Najeriya da Nijar asibitocin da ke yin allurar ƙalilan ne, aikin wayar kuma ya fi ƙaranci, ga tsada, ga shi daga aljihu ake biya. Wannan ya sa wasu, har da ma'aikatan lafiya, suke cewa to mene ne amfanin gaggawar. A ganina wannan tunani ya fi rashin allurar illa. Ko a ƙasashen da ke da komai, 'yan tsiraru ne ke samun allurar. Abin da ya rage mace-mace ga kowa da kowa shi ne keɓe sashe na musamman ga masu bugun jini, da ma'aikatan jinya da suka san abin da za su sa wa ido. Wani gwaji a Ostareliya da aka buga a 2011 ya nuna cewa kula da abu uku kawai a kwana ukun farko, wato sauke zazzaɓi, daidaita suga, da gwada haɗiya kafin a ba da abinci, ya rage yawan waɗanda suka mutu ko suka zama sai an yi musu komai. Babu ɗaya a cikin ukun da ya fi ƙarfin babban asibitin ƙaramar hukuma. Wanda haɗiyarsa ta gaza a sa masa robar hanci a riƙa ba shi kunu ta nan, kuma ya kamata dangi su daina kallon robar a matsayin alamar ajali. A riƙa juya shi duk bayan awa biyu kada bayansa ya yi gyambo. Kada a ja shi ta hannun da ya mutu, kafaɗar tana gocewa. A kira masu gashin ƙashi tun yana kan gado, kada a jira sai an sallame shi gaɓoɓi sun sandare.

Asfirin ma, da arharsa, yana da gurbi: manyan gwaje-gwaje biyu na 1997 sun nuna cewa ba da shi cikin awa 48 ga mai toshewa yana kare kusan mutum 1 cikin 100 daga mutuwa ko maimaituwar ciwon. Sharaɗin dai shi ne hoto ya riga shi.

Mai fashewar jijiya hanyarsa daban. Shi ana sauko da hawan jininsa da wuri, zuwa wajen 140, don rage yaɗuwar jinin. Idan yana shan maganin tsinka jini irin wafarin a warware ƙarfinsa. Gwajin INTERACT3 na 2023, wanda asibitocin Najeriya na cikin waɗanda suka shiga, ya nuna cewa haɗa wannan da kula da suga da zazzaɓi yana inganta yadda masu ciwon ke tashi. Tiyata tana ceton rai a wasu lokuta, musamman idan jinin ya taru a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya ko ruwa ya taru a ka. Akwai kuma wanda jijiya mai kumburi ke fashe masa a saman ƙwaƙwalwa, ya ji ciwon kai irin wanda bai taɓa ji ba ya sauko masa cikin daƙiƙa, wuya ya sanƙare. Wannan ko yana tafiya da ƙafarsa, aikin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne a ranar.

Yara ma ba su tsira ba, kuma a ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila wannan ba ƙaramin zance ba ne. Idan babu rigakafi, kusan yaro 1 cikin 10 masu sikila yana samun bugun jini kafin ya kai shekara 20. Yaron da ya fara jan ƙafa ko cokali ya riƙa suɓuce masa kwatsam, maganinsa na gaggawa ƙarin jini ne. A fannin rigakafin kuwa Kano ta ba duniya darasi. Akwai awon da ake yi da na'urar sauti a gefen kai, a gano yaran da jini ke gudu da ƙarfi a jijiyoyinsu, waɗanda su ne ke bakin haɗari. A Amurka ƙarin jini ake yi musu duk wata, abin da ba zai yiwu ga yawancin iyalanmu ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt suka gwada maganin haidiroksiyuriya a madadinsa, sakamakon da aka buga a 2022 kuma ya nuna cewa ko ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya.

Saura wanda ya fi kowa sa'a kuma ya fi kowa sakaci: mutumin da bakinsa ya karkace ko hannunsa ya mutu na minti goma, sannan komai ya dawo daidai. Yakan ce gajiya ce, ko ya kwanta a kan hannun, ya yi hamdala ya fita kasuwa. Gudan jini ne ya tsaya ya wuce, kuma inda ya fito akwai saura. Haɗarin babban bugu ya fi yawa a kwana biyun farko. Wani gwaji a ƙasar Sin a 2013 ya nuna cewa haɗa asfirin da kulofidogirel na kwana 21, idan aka fara cikin awa 24, yana rage maimaituwar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Irin wannan mutum ana so likita ya gan shi a ranar, a yi hoton kai, a auna bugun zuciyarsa da suga da kitse, a duba jijiyoyin wuyansa, a ɗora shi a kan maganin hawan jini da zai riƙa sha ko yana jin garau.